Abin da za ka tambaya kafin a buɗe maka ƙirji

Saura kwana tara a yi mini aikin zuciya, wata nas ta zaunar da ni da matata a wani ɗan ɗaki, ta ɗauko zuciyar roba mai buɗewa gida biyu, ta yi mana bayani na wajen minti arba'in. Ko ƙarya ɗaya ba ta yi mini ba. Ta ce jijiyoyi uku ne suka toshe, za a tsaga ƙashin ƙirji ta tsakiya, a ciro jijiya daga ƙafata da wata daga bangon ƙirjin ta ciki, a yi wa jini sabuwar hanya ya kewaye inda ya toshe. Ta ce aikin zai ci awa uku zuwa shida, zan farka da bututu a maƙogwaro, zan yi kwana ɗaya ko biyu a ɗakin kulawa ta musamman, in komai ya tafi daidai a sallame ni cikin mako guda. Haka ɗin kuwa aka yi. Amma da na buɗe ido da bututun nan a wuyana, na so in yi magana murya ta ƙi fita, na so in ɗaga hannu na ji an riƙe shi, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne aikin ya ɓaci. An gaya mini akwai bututu, sai dai ba a gaya mini yadda mai bututu yake ji ba.

Daga baya na gane inda gizo ke saƙar. Bayanin da ake yi wa majinyaci kafin tiyata yawanci bayanin abin da za a yi masa ne: me za a yanka, me za a saka, kwana nawa. Abin da shi zai ji a jikinsa, da abin da zai same shi da ƙarfe uku na dare a mako na biyu a gida, wannan sai ya tono da bakinsa. Ba mugunta ce ta hana ma'aikatan asibiti faɗa ba, sabo ne. Tun 1953 John Gibbon ya yi nasarar yin aiki da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu, tun 1967 René Favaloro ya fara irin nawa aikin da jijiyar ƙafa a Amurka. A wurin likitoci abin ya zama aikin yau da gobe, kai kuwa sau ɗaya za a yi maka. Kuma su ma sun san amfanin faɗin gaskiyar. A 1964 wani likitan sa barci, Lawrence Egbert, da abokan aikinsa a Boston sun nuna cewa majinyatan da aka gaya wa irin zafin da za su ji bayan tiyatar ciki da yadda za su yi da shi, kusan rabin maganin kashe zafin da sauran suka sha kawai suka buƙata. Daga baya wata ma'aikaciyar jinya mai bincike, Jean Johnson, ta nuna cewa gaya wa mutum abin da zai ji, ya gani, ya ɗanɗana, yana rage masa firgita ta yadda jero masa matakan aiki kaɗai ba ya yi.

To ga yadda zan yi da za a mayar da ni ɗakin nan.

Kada ka je kai kaɗai, kuma kada ka dogara da ƙwaƙwalwarka. Daga lokacin da nas ɗin ta ce "za a tsayar da zuciyar na ɗan lokaci", ban ƙara jin komai ba, kai kawai nake gyaɗawa. Matata ce ta rubuta sauran a littafi. Ka je da wanda zai kwana da kai a asibiti kuma zai kula da kai a gida, ba wanda ya samu sarari a ranar kawai ba. In an gama bayani, ka ce, "Sista, bari in maimaita miki abin da na fahimta, ki gyara mini." A nan ne muka gano ni na ɗauka mako shida da aka ce lokacin da zan warke sarai ne, alhali lokacin da ƙashi zai fara haɗewa da ƙarfi ake nufi. Warkewar da mutum zai ji ya dawo daidai kan kai wata uku, wani ma fiye.

Sannan ka sauya yadda kake tambaya. In ka ce "Likita, akwai zafi?" zai ce akwai, amma za a ba ka magani, magana ta ƙare. Ka ce, "A ina mutane suka fi jin zafin, kuma a wace rana ya fi tsanani?" Ka ce, "Me ya fi ba majinyatanku mamaki bayan sun farka?" Ka ce, "Wane abu ne ke sa mutane su kira ku a tsorace alhali ba komai ba ne, wane ne kuma suke rainawa alhali shi ne haɗarin?" Waɗannan tambayoyin nas ɗin da ke kwana a ɗakin majinyata ta fi likitan fiɗa iya amsa su. Shi yana ganinka kana barci, ita ce ke ganinka kana tari. In da hali, ka nemi a haɗa ka da wanda aka yi wa aikin wata biyu ko uku da suka wuce. Wanda ya shekara biyar ya manta, sai dai ya ce maka ba komai.

Batun magunguna ba ya son dogon surutu, yana son takarda. Ka tattara duk abin da kake sha a jaka ka kai musu, har da wanda ka saya da kanka da na gargajiya, don wasu na hana jini daskarewa. Masu sirka jini irin su clopidogrel da warfarin yawanci ana dakatar da su wajen kwana biyar kafin aiki, asfirin kuwa sau da yawa ana cewa a ci gaba da sha. Kada ka yanke wa kanka hukunci, ka sa a rubuta maka sunan kowane magani da ranar da za ka sha na ƙarshe. Mai ciwon sukari ya tambayi yadda zai yi da maganinsa a daren da aka hana shi ci. Wanda za a sauya wa bawul ɗin zuciya, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya, za a tura shi duba haƙori, kada ya ɗauka ɓata lokaci ne, ƙwayoyin cuta daga ruɓaɓɓen haƙori kan bi jini su kama sabon bawul. Shi ma ya tambaya tun yanzu ko na ƙarfe za a sa masa ko na nama, don na ƙarfe yana nufin shan warfarin har ƙarshen rayuwa da gwajin jini a kai a kai, kuma da dare in gari ya yi shiru za ka iya jin ƙararsa kamar agogo. Mai shan taba ya ajiye ta yau, makonni huɗu ma suna yi wa huhu amfani.

Abin da na fi nadamar rashin yi shi ne gwaji tun ina da lafiyar yi. An ba ni wani ɗan abin motsa huhu na roba mai ƙwallaye uku, na jefa shi a jaka ban ko buɗe ba. Washegarin aiki, ƙirji a ɗinke, kai cike da magagi, aka miƙo mini shi, na dinga hurawa ƙwallayen ko motsi. Wata nas ta tsaya tana kallona, sannan ta ce, "Baba, ba hurawa ake yi ba, zuƙa ake yi." Numfashin ake ja a hankali har ƙwallayen su tashi, a riƙe ɗan lokaci, kamar sau goma a kowace awa in kana farke. Dalilinsa shi ne ƙasan huhu kan lotse bayan maganin barci da kwanciya, majina ta taru, in ba a buɗe shi ba limoniya ta samu ƙofa. Da na koya a gida cikin kwana taran nan, da ban yi ta fama da shi ina haki ba.

Haka tari. Za a ce ka yi tari, jikinka zai ce kada ka kuskura. Ka samu ƙaramin matashi, ka rungume shi da hannu biyu a kan ƙirji, ka ja numfashi, ka matse, sannan ka yi. Zafi akwai, amma ɗinkin ba zai ɓalle ba, da wayoyin ƙarfe aka ɗaure ƙashin kuma a nan za su zauna har abada. Atishawa ta fi tari mugunta don ba ta sallama, shi ya sa matashin ba ya barin gefenka, har a mota ranar komawa gida, tsakanin ƙirji da bel.

Sai tashi daga gado ba tare da dogara da hannu ba. Ka gwada daren nan ka ga yadda ka saba tura kanka da hannu ba ka sani ba. Yadda aka koya mini: ka naɗe hannu a ƙirji, ka mirgina gefe gaba ɗayanka kamar gungume, ka sauke ƙafafu ƙasa, nauyinsu ya taimaka ya ɗago ka zaune. Daga kujera kuma ka matso bakinta, ka yi lilo gaba sau biyu ko uku, ka miƙe da ƙarfin cinya. Ka duba gidanka da wannan idon. Kujerar da ke nutsewa ba taka ba ce na wata biyu. Abin da kake amfani da shi kullum a sauko da shi daidai ƙugu, don miƙa hannu sama ko baya yana jan ƙashin. In ke mace ce, ki tambayi nas irin rigar nonon da ta dace, marar ƙarfe mai buɗewa ta gaba, don nauyin nono na jan ɗinki.

Game da farkawa, ga abin da na so a ce an gaya mini da waɗannan kalmomin. Za ka farka ba ka iya magana, don bututun ya ratsa ta tsakanin igiyoyin murya. Za ka ji kamar numfashinka ba naka ba ne, kamar ana kokawa da kai. Ba shaƙewa kake yi ba, inji ne ke taya ka, kuma in ka daina faɗa da shi ka bi sautinsa abin ya fi sauƙi. Yawanci cikin 'yan awoyi ake cire shi. Mai yiwuwa a riƙe hannayenka don kada ka fizge shi cikin magagi. Ku shirya alamu da mai jinyarka da nas tun kafin a shiga: matsa hannu sau ɗaya na'am, sau biyu a'a, nuna ƙirji zafi. Ƙishirwa kuwa ban taɓa jin irinta ba, kuma ba za a ba ka ruwa nan take ba, sai dai a jiƙa maka leɓe. Akwai robar fitsari da za ta sa ka ji kamar fitsari ya matse ka alhali yana fita da kansa. Akwai bututu biyu ko uku a ƙasan ƙirji masu fitar da jini da ruwa. Cire su bai kai minti ɗaya ba, amma wani irin ja ne daga can ciki, ka roƙa a ba ka maganin zafi kafin a zo cirewa. Akwai kuma siraran wayoyi na wucin gadi da ake maƙala wa zuciya ko za a buƙaci daidaita bugunta, su ma kafin sallama za a zare su.

Iyalinka ma suna da nasu rabon bayanin. Matata ta ce da aka shigar da ita ta gan ni, fuska a kumbure, jiki sanyi ƙalau, fata ta yi fari, wayoyi ta ko'ina, sai ƙafafunta suka kasa ɗaukarta. Da an gaya mata cewa kumburin ruwan da aka ƙara mini ne, sanyin kuma don ana sanyaya jiki yayin aikin, da ba ta fita tana kuka tana kiran 'yan'uwa ba. Ka roƙa a kwatanta musu yadda za su same ka, a kuma gaya musu cewa injinan nan suna ƙara a kan ƙaramin abu.

Dare na biyu zuwa na uku su ne ba wanda ya shirya ni dominsu. Abu na farko, zuciyata ta kama tsalle ba tsari, kamar tsuntsu a cikin keji, na jiƙe da gumi, na ce shi ke nan. Likitan dare ya zo bai ko girgiza ba, ya ce irin wannan rikicewar bugu kan sami kusan mutum ɗaya cikin uku bayan aikin zuciya, galibi a rana ta biyu ko ta uku, kuma magani na daidaita ta. Ta daidaita kuwa. Da na je na duba, yana cikin takardar da na sa wa hannu, layi ɗaya a tsakiyar jerin abubuwan da ka iya faruwa, tsakanin zubar jini da shanyewar ɓarin jiki. To ta yaya mutum zai san wanne ne ake gani kullum, wanne ne sai jefi-jefi? Ka tambaya: "Cikin jerin nan, wanne kuka fi gani, wanne kuka fi tsoro?"

Abu na biyu ya fi ba ni kunya, shi ya sa ma zan faɗa. Na ruɗe. Sandar da aka rataya ƙarin ruwa ta zama wani dogon mutum da ke tsaye a kaina ya ƙi tafiya. Na rantse cewa an sauya mini ɗaki cikin dare, na yi wa wata baiwar Allah nas tsawa a kan abin da ba ta yi ba. Ba hauka ba ce, ruɗewar bayan tiyata ce, tana yawan samun masu shekaru, rashin barci da magunguna da hasken da ba a kashewa suna ƙara ta, kuma yawanci cikin kwanaki take wucewa. Abin da ya taimake ni 'yata ce. Duk sanda na fara sambatu sai ta kama hannuna ta ce, "Baba, asibiti kake. An gama aiki lafiya. Yau Laraba, ƙarfe huɗu na asuba." Ba ta yi mini musu a kan dogon mutumin ba, ta dai matsar da sandar. Ka gaya wa naka su yi haka, su kawo maka tabarau da abin ji in kana sawa, su buɗe labule da rana, kuma su sanar da nas da zarar sun ga maganarka ta sauya, don wani lokaci alamar wata matsala ce da ke buƙatar dubawa.

Zafi bai zo ta inda na zata ba. Ƙirjin ya yi, amma baya da kafaɗu sun fi damuna, saboda buɗe haƙarƙari da ake yi da doguwar kwanciya a teburin aiki. Ƙafar da aka ciro jijiya ta fi ƙirjin daɗewa tana ciwo da kumburi. Ni kuma da taurin kai na dinga ƙin maganin zafi wai kada in saba da shi, sai zafin ya hana ni tari da tafiya, waɗanda su ne aikin da ke gabana. Ka sha a kan lokaci, kada ka jira ya kai ka bango. Sai dai masu ƙarfin cikinsu na ƙulle ciki, kuma yunƙuri a bayi da tsagaggen ƙashi ba abin wasa ba ne, ka nemi maganin sassauta ciki tun ranar farko.

Inda bayani ya fi yin nisa da gaskiya shi ne gida. A asibiti kana da ƙararrawa a hannu. A gida kai ne da matarka da takarda guda. An gaya mini kada in ɗaga abin da ya wuce kamar kilo biyar, kada in yi tuƙi sai bayan mako huɗu zuwa shida da izinin likita, in riƙa tafiya kullum ina ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ba a gaya mini cewa wanka kaɗai zai gajiyar da ni har sai na kwanta ba. Barci ya ƙaurace mini, don rigingine ban saba ba, na yi makonni a kujera mai jingina da matasai. Abinci ya fita raina, komai ɗanɗanon ƙarfe. Fatar ƙirjina ta hagu ta mutu, in na taɓa kamar ba tawa ba, ashe inda aka ɗauko jijiyar ciki ne. Sai in karanta shafi guda in manta farkonsa. Wata rana da la'asar, ba abin da ya faru, na kama kuka kamar yaro, jikana na tsaye yana kallona. Wannan ma sananne ne bayan aikin zuciya, kuma nawa ya wuce da kansa, amma in ya haura mako biyu yana ƙaruwa, ko mutum ya fara jin rayuwar ta fita ransa, magana ce ta likita, ba ta haƙuri ba. Masu dubiya kuma a sa wani ya tsaya musu, minti goma sun isa, mai mura ya yi gaisuwa ta waya.

Saboda haka kada ka bar asibiti sai an rubuta maka abubuwa kashi biyu. Kashi na farko na kiran waya a ranar: zazzaɓi da ya kai digiri 38, ɗinki ya yi ja ko zafi ko yana fitar da ruwa ko mugunya, jin ƙashin ƙirji yana motsi ko ƙas-ƙas in ka juya, nauyi ya ƙaru da kilo ɗaya a rana ko biyu cikin 'yan kwanaki, haki da ke ƙaruwa, sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura da zafi fiye da yadda take. Batun nauyin nan shi ya sa ake son sikeli a gida, a hau kowace safiya a rubuta, don ruwa ne ke taruwa. Kashi na biyu na gaggawa, ba jira: ciwon ƙirji irin na da, numfashi ya tsaya cak ko ya yi tsanani, suma, baki ya karkace, magana ta harɗe, hannu ko ƙafa ta mutu. Ka karɓi lambar da ake ɗauka da dare, ka tambayi wanda zai ɗauka. Ka tambayi ranar komawa a duba ka, da ko akwai shirin motsa jiki na masu ciwon zuciya da za a sa ka, don a can ne na daina tsoron bugun zuciyata, da na ga ana kallonsa a allo ina tafiya ba abin da ya faru.

Akwai tambayar da na riƙe a baki har sau uku ina fasawa, ta kwanciyar aure. A ganin likita na mako na shida matata ce ta gaji ta ce, "Likita, akwai abin da yake son tambaya, kunya yake ji." Likitan bai ko ɗago daga rubutunsa ba, ya ce in ina iya hawa bene hawa biyu ba haki ba ciwon ƙirji, to ba laifi, a dai kauce wa abin da zai ɗora nauyi a kan ƙirji ko hannuwa har ƙashi ya gama haɗewa. Amsar ba ta kai minti ɗaya ba. Da muka fito na ce mata a tsaya, ba lif za mu shiga ba, na kama ƙarfen bene na sauka hawa biyu na sake hawowa, tana biye da ni riƙe da matashin.